Inabin Ƙanwata a Dutse

Juma'a: fita daga Taura

Ana idar da sallar asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Malam, maigidana, ya rako ni bakin titi yana riƙe da babbar kular da na cika da zoɓo. Ya tambaye ni abin da zan yi da ita, na ce tsaraba ce.

Ya ce, "Uwani, gidan mai lemo za ki, kuma lemo za ki kai mata tsaraba?"

Na yi kamar ban ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, fiye da shekara ashirin ina yin zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya a Taura. Biki, suna, walimar sauka, da wuya a yi ba a aiko gidana ba. Ƙanwata Kulu, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a hannuna ta koyi yadda ake jiƙa zoɓo. Ta yi aikin gwamnati a Dutse, daga baya ta ajiye, ta sayi fili a bayan gari ta dasa inabi. Kowa ya yi mata dariya, har da ni. Yanzu ga shi tana matse inabin tana zubawa a kwalabe, kuma ta gayyace mu bikin ɗanɗana sababbin lemukanta na bana. 'Yata ta fari ma tana can. Ba na faɗin sunanta na yanka, kamar yadda muka gada, da sunan ranarta Lami nake fakewa. Ta tafi da cewa za ta taya ƙanwar uwarta aiki na ɗan lokaci, watanni suka shuɗe ba ta dawo ba.

Na sami ƙaramar mota mai zuwa Gujungu, aka ba ni gaba saboda kulata. Muna tashi idona ya faɗa kan wata kwalba a gefen direba, an sha rabi, ga hoton ganyen inabi a jikinta. Na gane ta.

Direban ya lura ina kallo, ya ce, "Hajiya, kin taɓa shan wannan? Wata mata ce a Dutse take yi. Da farko mutane cewa suka yi giya ce, wai Turawa da inabi suke yin tasu. Ashe ƙarya ne, har limaminmu na tasha yana sha."

Na ce, "Haka ne?"

"Wallahi. Tun da na same shi na daina shan zoɓon leda."

Zoɓon leda ni nake yi. Ban gaya masa matar ƙanwata ce ba, na juya ina kallon gonaki.

Kafin Gujungu muka tarar da shinge. Wani jami'i ya leƙo ya ce a buɗe kula. Na buɗe, na ɗiba masa a kofi. Ya shanye, ya lashe baki, ya ce, "Kai, Mama, hannunki da albarka. Saura kaɗan ya kamo na kwalbar nan na Dutse." Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Shi a ganinsa yabo ya yi.

A Gujungu na karya da koko da ƙosai a wajen wata mai rumfa, sannan na shiga bas mai bin hanyar Jahun. Mun daɗe kafin ta cika, rana ta fara zafi irin na farkon bazara.

Aujara

Kafin a tafi masallacin Juma'a na isa Aujara, gidan Goggo Dije, yayar mahaifinmu. Ita ta riƙe mu ni da Kulu bayan rasuwar innarmu, kuma da ita za mu ƙarasa Dutse washegari. Ta tsufa, amma har yanzu ita take tatsar 'yan shanun da suka rage a garken gidan.

Na tarar da ita a tsakar gida, ta shanya cuku a kan faifai, fari tas, an yayyanka shi ƙanana.

Bayan mun gaisa na ce, "Goggo, wannan aikin fa? Rabon da in ga kin yi cuku tun ina budurwa."

Ta ce, "Kulu ce ta bugo waya. Wai akwai lemon da ba ya tafiya sai da cukuna. Mako guda ina tara madara."

Tana faɗa tana murmushi kamar yarinya. Na zauna ina tuna duk shekarun da na yi ina sana'a, ban taɓa ganin Goggo ta tashi ta yi wa zoɓona wani abu ba. Gaskiya ni ma ban taɓa roƙonta ba, amma a lokacin ba wannan nake tunani ba.

Aka dama mini fura da nono, da yamma kuma tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Na aika a nemo ƙanƙara don kulata, aka ce kwana biyu babu wuta, babu mai ita a unguwar. Na ɗiba wa Goggo kofi guda. Ta kurɓa, ta ce, "Ya yi sukari," ta miƙo mini sauran.

Bayan la'asar muna zaune a tabarma ta ce, "Kulu tana da magana da ke. Ta ce ni zan faɗa, nauyinki take ji."

"Wace magana?"

"Sai mun je. A bari a gama bikin tukuna."

Na matsa mata, ta ɗauki carbinta. A ɗakinta na kwana, zafi ya hana ni sakat, maganar ma ta hana.

Asabar: Dutse

Da sassafe muka sami mota. Goggo ta ƙi yarda a sa kwanon cukunta a but, ta rungume shi a cinya har Dutse. Muka bi ta Kiyawa, muka wuce masu tallan dabino a bakin hanya, sannan duwatsun garin suka fara bayyana. Daga tasha muka hau a-daidaita-sahu. Ina fara yi wa mai shi kwatance ya katse ni.

"Lambun inabi? Hajiya, kowa ya san wurin. Yau ma na kai mutum uku."

Na yi fatan in tarar da ɗan fili da 'yan tsirai. Abin da na gani shi ne layi-layi na inabi an ɗora a kan waya, ganye ya yi rumfa, 'ya'yan suna reto, wasu kore wasu baƙi. Ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ga itatuwan dabino a gefe. A tsakiya an gina ɗaki mai faɗi, da fankoki da dogayen tebura. Shi ake kira ɗakin ɗanɗano.

Kulu ta taho da gudu ta rungume ni. "Yaya! Wallahi na zaci ba za ki zo ba." Ta yi kyau, ta yi ƙiba daidai. Na ce mata wuri ya yi, Allah ya sanya alheri.

Sai ga Lami. Ta durƙusa ta ce, "Umma, sannu da zuwa. Ya su Baba?" Na kau da kai kamar yadda na saba, na ce lafiya. Amma da gefen ido na ƙare mata kallo. Ta yi fari, ta ɗaura farar rigar aiki a kan atamfarta, tana tafiya kamar mai wurin. Tana miƙewa ta juya ga Kulu ta ce, "Mama, masu kilishi sun iso, in sa su shigo?"

Da can Anti take ce mata.

Kulu ta zagaya da mu. Ta nuna mana inda ake wanke inabi, inda ake matsewa, da manyan tukwanen da ake dafa ruwan a rufe kwalba da zafinsa, don kada ya yi tsami balle ya zama abin da zai bugar. Ta ce a waya ta ga yadda mutanen wasu ƙasashe suke tara baƙi a gonar inabi, kowane abin sha da abincin da ya dace da shi, ta ce me zai hana mu yi namu na halal. Goggo tana ta cewa masha Allah. Ni ina neman inda ƙuda ya sauka, ban samu ba.

Da suka shiga ciki na koma wajen kulata. Niyyata tun daga gida ita ce in ajiye zoɓona a gefen tebur, mutane su sha, su san inda abin ya samo asali. Ina ɗaga murfin wani wari ya bugi hancina. Zafin kwana da yini ya gama da shi, ya yi kumfa, yana fitar da iska. Na tsaya ina kallonsa. Lokacin da ake yaɗa cewa Kulu giya take yi, ba zan ce ban ji wani sanyi a raina ba. Yau ga nawa ne ya kama hanyar zama ita. Na ja kular bayan lambu, na tuttular a gindin wata dalbejiya, na ɗauraye ta, ban gaya wa kowa ba.

Ɗakin ɗanɗano

Bayan azahar baƙi suka cika ɗakin, maza a gefe mata a gefe. Akwai ma'aikatan ofis, malaman jami'a, masu otal, da matan da suke dafa abincin biki. Aka zaunar da ni da Goggo a gaba. A gaban kowa an jera ƙananan kofunan gilashi, da ruwa, da gutsuren gurasa marar komai don goge baki tsakanin lemo da lemo.

Na zaci Kulu za ta yi bayani. Sai na ga Lami ce ta tsaya a gaban jama'a. Yarinyar da a gidana ba ta iya ɗaga murya ta kira ƙannenta, ita ce take magana tana dariya, mutane suna taya ta.

Na farko na koren inabi ne zalla. Ta ce a kurɓa, a riƙe shi a baki kaɗan, sannan a ci cuku. Na yi yadda ta ce. Ɗan tsamin inabin ya haɗu da maiƙon cukun, wani abu ya faru a bakina da ban taɓa sani ba. Lami ta nuna Goggo ta ce ga wadda ta yi cukun, ɗaki ya ɗauki tafi. Goggo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa don daɗi.

Na biyu baƙin inabi ne da kanumfari, aka haɗa shi da kilishi. A nan na sami abin da nake nema tun safe. Kanumfarin ya yi yawa, yana danne inabin. Na riƙe wannan a raina kamar na tsinci zinariya. Na uku inabi ne da zoɓo, da dambun nama. Zoɓon irin jiƙona ne, na ji hannuna a ciki, amma an rage sukari har ƙamshin ya fito.

Na ƙarshe Kulu ce ta tashi ta gabatar. Ta ce goruba ce da dabinon Dutse da ɗan inabi, a sha da alkaki, kuma ba ita ta ƙirƙiro shi ba, Lami ce. Na kurɓa. Ya fi sauran duka. Na ji alfahari ya taso mini, haushi ya biyo bayansa ya danne, don a tukunyar wata aka yi shi.

Ana cikin yabo wata mata mai tabarau, an ce likita ce, ta ɗaga murya ta ce wa Kulu, "Hajiya, 'yar nan taki ta gaje ki. Allah ya raya miki ita."

Mata suka amsa da amin. Kulu ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "Tamu ce."

Ba ƙarya ta yi ba. Amma babu wanda ya fahimci komai daga wannan amsa, matar ma ta ci gaba da cewa har kama suke yi. Ina zaune taku kaɗan daga wurin. A gidanmu uwa ba ta nuna 'yar fari a gaban mutane ta ce tawa ce, abin kunya ne. Na sunkuyar da kai ina murza alkaki a tsakanin yatsuna har ya zama gari.

Da baƙi suka watse, Kulu ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yaya, ke ce gwana. Gaya mini gaskiya."

Na ce, "Na biyun nan kanumfari ya yi masa yawa."

Ta tafa hannu. "Wallahi haka Lami ta ce tun ranar da muka haɗa! Ban ji maganarta ba."

Ko wannan ɗin ma an riga ni.

A gidan Kulu muka kwana, a ɗakin baƙi mai na'urar sanyi. Mijinta ya aiko mana da gasasshiyar kaza. Na ce kaina yana ciwo.

Lahadi da safe

Bayan mun karya, Goggo ta ce mu koma lambu, iska ta fi a can. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar inabi, mu uku. Goggo ta gyara zama ta ce, "Uwani, ƙanwarki tana roƙon ki bar mata Lami. Ta zauna a wajenta, ta riƙe mata sana'a, in miji ya zo ta aurar da ita a ɗakinta."

Na san maganar ke nan tun daga Aujara, amma jin ta daban ne.

Na ce, "Kulu, sana'ata kin ɗauka kin yi mata kwalba. Goggo kin ɗauka, ga ta tana yi miki cuku. Yanzu kuma 'yata?"

Goggo ta ce, "Ke Uwani!"

"A bar ni in faɗa, Goggo. Jiya a gabana aka ce 'yarta ce, ta kasa buɗe baki ta gyara."

Kulu ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago idonta ya yi ja. Ta ce, "Na kasa, Yaya. Tun da aka yi aurena ba a taɓa ce mini 'yarki ba sai jiya. Na so in ji shi ko na minti ɗaya. Ke shida gare ki. Duk sunan da aka yi a gidanki na zo, na yi wanke-wanke, na yi rabon tuwo, in na shiga mota in yi kuka har Dutse. Kin taɓa sani?"

Ban taɓa sani ba. Kulu ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Tausayinta ya kama ni. Sai dai zan yi ƙarya in na ce ya kore abin da ke raina. Ina kallonta tana kuka a ƙarƙashin inabinta, wani ɓangare na zuciyata yana cewa, to ga shi yanzu har hujjar ma tata ta fi tawa.

Goggo ta ce bari ta kira yarinyar ta tambaye ta a madadina. Na ce a'a, ni zan tambaya. Da Lami ta zo ta durƙusa, na dube ta ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da na yi ba.

Na ce, "Ke kina son zama a nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina so, Umma. Amma in kin ce in taho, yanzu zan ɗauko jakata."

Da ta yi mini gardama da na tafi da ita. Na kira Malam a waya na gaya masa. Ya ce, "Ni ba ni da ja. Amma ke za ki ji rashinta a madafa, yadda kika gani."

Na kashe wayar na ce wa Kulu, "Na bar miki. Amma da sharaɗi. Duk wanda ya tambaya, a gaya masa wadda ta haife ta. A ce Uwani mai zoɓo ta Taura."

Goggo ta riƙe haɓa. "'Yar fari fa! Uwani, ba kya jin kunya?"

Na ce, "Na ji ta jiya, Goggo. Ta ishe ni."

Kulu ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce ta yarda. Lami ta tashi da sauri ta shige cikin layin inabi, na ga tana goge fuska da gefen mayafi.

Komawa gida

Goggo ta ce za ta ƙara kwana biyu, don haka ni kaɗai na juyo. Kulu ta cika mini kula da kwalabe, kala huɗun duka, ta sa direbanta ya kai ni tasha. Lami ce ta ɗora kular a mota. Ta ce, "Umma, na gorubar nan kada ya daɗe in an buɗe." Na ce to. Na so in ƙara wata magana, motar ta tashi.

A Gujungu muka faɗa cunkoson kasuwa, motocin dabbobi sun tare hanya, muka daɗe a tsaye cikin rana. Wata mata da ke kusa da ni tana ta fifita, jaririnta yana kuka. Na buɗe kwalba ɗaya na ba ta. Ta sha ta ce, "Baiwar Allah, a ina ake samun wannan?" Na ce a Dutse, 'yata ce take haɗawa. Ban ambaci Kulu ba.

Na shiga Taura ana kiran la'asar. Yara suka yi ca a kan kula. Malam ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, na zuba masa na baƙin inabin, na ba shi ragowar kilishin da aka ƙunso mini, na ce ya kurɓa tukuna sannan ya ci. Ya dube ni da mamaki, ya yi yadda na ce. Ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "To, yaya kika ga abin nata?"

Na ce, "Ya yi daɗi, Malam. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Goggo da masaukinta, da direbobin da suka ɗauke ni. Kulu ma na gode mata, Allah ya ƙara wa lambunta albarka. Wannan addu'ar har yanzu sai na ɗan yi ƙoƙari take fita, amma ina yin ta.